Ranar da Goggo Ta Sa wa Doyata Kanwa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga bidiyon da kuke nuna mini: wata mata mai dogon farce ta zuba wannan, ta zuba wancan, ta danna bilanda, kafin ka ƙifta ido ga askirim a kofi har da ɗan ganye a kai. Ban ce ƙarya take yi ba. Amma ba a Sabon Garin Wudil take zaune ba, kuma da ganinta ba a taɓa ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki ba. Tunda kun taso daga jami'a takanas kun ce Inna Talatu ta koya muku askirim ɗin doya marar madara, to sai kun fara jin yadda aka yi na iya, sannan mu taɓa tukunya.

Aikin farko da Hajiya Fati, wadda ta koya mini sana'ar nan, ta ba ni tsintar aya ne. Banufiya ce, mijinta ma'aikaci ne a jami'arku, suka kama haya a layinmu. Shi maigidan nata madara ba ta zama a cikinsa, ga shi da son kayan sanyi kamar yaro, shi ya sa ta ƙware a wannan aiki. Ni kuwa a lokacin kunun aya da zoɓo nake ƙullawa a leda, ina ganin duk faɗin Wudil babu mai gaya mini komai a kan aya. Ta zube mini ita a faifai ta ce in fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu. Na tsince tsaf na miƙa mata ina taƙama. Ta sa yatsa biyu ta zaro wata baƙa guda ɗaya, ta ce in tauna. Na tauna, na tofar.

Ta ce, "Kin ji ko? Kunu kurɓa ake yi a wuce. Askirim zama yake yi a kan harshe, duk abin da kika bari a ciki sai ya yi magana."

Na daɗe ina tsinta da jiƙo da tata kafin ta yarda in taɓa doyar. Aya ba ta da haƙuri, musamman da zafi. Ki markaɗa ta ki juya baya ki yi hira, kafin ki dawo ta fara tsami. Kuma ba a kai ta injin unguwa, domin a nan aka gama markaɗa attaruhun wata da waken wata, komai wankin da mai injin zai rantse ya yi. Na taɓa ganin wadda ta gwada, askirim ɗinta ya fito yana ƙamshin ƙosai.

Doyar ita ce uwar aikin. Ba irin wadda kuke soyawa da ƙwai ba ce. Daga can ƙasar su Hajiya Fati ake kawo ta a motar doya. A waje ba ta da kyan gani, baƙa ce mai gashi-gashi, amma kina yanka ta sai ki ga cikinta shunayya shar. Tana da yauƙi, kuma in kika fere ta ɗanya hannunki zai yi ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Ba a dafa ta a ruwa. Wanke ta ake yi, a ɗora a madambaci da ɓawonta, tururi ya dafa ta a hankali. In ta nuna sai a ɓare, a murje ta a rariya tun da zafinta har ta zama kamar kwaɓin alkaki, babu gudaji ko ɗaya. Ita ce ke ba askirim jiki. Man da madarar shanu ke bayarwa kuwa, kwakwa ce ke biyan shi: a goge ta, a matse da ruwan ɗumi, a ɗauki na farkon mai kauri. Sai ruwan aya, da sukari, da ɗan gishiri a bakin yatsa. A haɗa a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya kama bayan ludayi, sannan a sauke ya huce sarai.

A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Suna zubawa a roba su tura firiza su tafi barci, da safe su tarar da dutse mai allurar ƙanƙara a ciki, su ce doyar ce ba ta da kyau. Doya ba ta yi laifin komai ba. Fito da shi ake yi in gefe ya fara kamawa, a buga shi da kyau, a mayar, a sake fitowa a sake bugawa, har sai ya yi laushin da cokali zai shiga ba gardama. Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su da yawa: madambaci, rariya, ƙyallen tata, bilanda, tukunyar silba mai murfi, da muciyar nan da na ɗaura wa jan zare. Zaren alama ce ga duk mutanen gidan nan cewa wannan muciya ba ta shiga tuwo, ba ta shiga abin da ya taɓa madara.

Akwai wani darasi da Hajiya Fati ta dage sai na koya, ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne. Wata rana ga firiza na aiki, ga wuta, ta sa aka kashe. Ta sa na farfasa ƙanƙara a baho, na barbaɗa mata gishiri, na dasa tukunyar silba a tsakiya na yi ta juya ta da hannu har abin ciki ya daskare. Na ce, "Hajiya, wannan wahalar fa, ga inji?" Ta ce, "Injin na wuta ne, hannun naki ne." Da mijinta ya yi ritaya suka koma gida, ta bar mini tukunyar, ta kuma haɗa ni da direban da ke kawo mata doya.

Masu saye iri-iri ne. Akwai ɗalibai irinku da launin kawai ke jawowa, su ɗauki hoto kafin su ɗanɗana, har ya fara narkewa. Akwai malaman da ke aiko direba da kula. Amma waɗanda suka riƙe sana'ar nan su ne waɗanda madara ke wahalarwa, kuma sun fi yadda kuke zato yawa, shiru kawai suke yi. A garin da ake cika kara da shanu duk Juma'a, wa zai tsaya a gaban mutane ya ce nono na murɗa masa ciki?

A cikinsu babu wadda ta tsaya mini a rai kamar Safiya. Babanta dillalin shanu ne a kara, gidansu kullum safiya sai ƙwaryar nono ta shigo. Ita kuwa tun da aka yaye ta, in ta sha ko kaɗan ne sai ciki ya kumbura, ya yi ta murɗa, ta yini tana zarya bayan gida. Likita ya ce a raba ta da madara. Kakarta ta wajen uba, wadda kowa ke kira Nenne, ba ta taɓa yarda ba. Cewa take yi, "Jikar Fulani ce za ta ce nono na sa ta ciwo? Shagwaɓa ce." Duk biki, duk suna, sai a ware wa Safiya kwanonta daban, har yara suka sa mata suna mai kwanon gefe. Yarinyar ta saba, kafin ta kai komai baki sai ta tambaya ko da madara a ciki.

Shekarar da zan ba ku labari ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Taransifomar layinmu ta ƙone tun farkon bazara, aka yi ta cewa gobe, jibi, har muka daina tambaya. Man janareta ya fi ƙarfina. Firiza ta zama akwatin ajiye kwanuka. Motar doya ma ta daina zuwa a kai a kai, direban ya ce hanya ba daɗi. Matan da suka fara kwaikwayona duk suka koma zoɓo. Ni na sauko da tukunyar Hajiya Fati, ina sayen ƙanƙara daga Kano in an samu mai kawowa, ina yin kaɗan don kada masu saye su manta ƙofar gidana. Doyar da ta rage mini 'yan ƙwayoyi ne, na binne su a yashin kogi a lungun ɗaki, ina lallaɓa su kamar ƙwai.

A cikin wannan hali ne Dije, mahaifiyar Safiya, ta yi sallama. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya Talatu, 'yarki za ta yi saukar Alƙur'ani. Babanta ya ce ta faɗi abin da take so, ba ta ce atamfa ba, ba ta ce ɗan kunne ba. Cewa ta yi ranar walimarta tana so ta sha askirim, kuma abin da ta sha shi kowa zai sha. Kada a yi mata nata daban."

Na ce, "An gama."

Ta dubi firizar da ke cike da kwanuka, ta ce, "Yaya, ba wuta fa."

Na ce, "Ke dai ki sa a aiko mini da gishirin da ake ba shanu, mai yawa. Ba cikin askirim zai shiga ba, na ƙanƙara ne."

Na san abin da nake yi. Doyar da ta rage za ta isa taron daidai, ba ragi. Na yi odar ƙanƙara daga Kano, na jiƙa aya, na goge kwakwa. Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba, shi ne Goggo Abu.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, daga Kausani ta zo ganin likitan ido ta sauka a wurina. Mace ce da ba ta iya ganin aiki ta zauna. Da safiyar walima na tono doyar gaba ɗaya, na wanke, na ɗora a madambaci. Sai aka kira ni cewa ƙanƙarata ta iso tasha, in ba a je da wuri ba rana za ta shanye ta. Na yafa mayafi na ce, "Goggo, wutar kawai za ki duba mini, kada ta mutu." Ta ce in tafi abina.

Da na dawo da buhunan ƙanƙara a adaidaita, tun daga zaure hancina ya gaya mini akwai magana. Na tarar da madambaci a gefe, tukunya na tafasa, Goggo na zaune tana sosa hannu tana murmushi.

Ta ce, "Na rage miki aiki, 'yar nan. Wannan turarawar taki gawayi kawai take ci. Na fere ta na yayyanka, na jefa mata 'yar kanwa. Duba ki gani, har ta yi luguf."

Na buɗe tukunya. Doyar da na bari shunayya ta koma wani kore-kore mai toka-toka, kamar ruwan kwata. Ga warin kanwa ya bugi fuskata. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Amma ƙanwar uba ce, kuma a iya saninta ba ta yi kuskure ba. Duk haka muka tashi: wake ya yi taurin kai, kanwa, kuɓewa ta ƙi yauƙi, kanwa. Duk abin da ya ƙi nuna a tukunyar Bahaushiya, maganinsa ɗaya ne. Wa ya taɓa gaya wa Goggo akwai doyar da kanwa ke kashe wa launi? Ko a Kano aka je ranar ba za a samo wata ba, ga walima bayan la'asar.

Da ta leƙa ta ga abin da kyau, jikinta ya yi sanyi. Can ta ce, "To ai da sauƙi. Aika kanti a sayo kalar nan ta kek. Ki zuba madarar gari gwangwani guda ta danne warin. Yara ne fa, wa zai sani?"

Na ce, "Goggo, cikin Safiya zai sani. Yarinyar da aka tara mutane dominta ita ce za ta ƙare a bayan gida, kakarta kuma ta ce dama ta faɗa."

Goggo ta ci gaba da sosa hannu. Ni kuwa ina kallon tukunya. Sai tunani ya zo mini daga kicin ɗinmu na kullum. In miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa muke sa mata ta kashe tsamin. To in kanwa na kashe tsami, me zai hana tsami ya kashe kanwa? Na kuma tuna Hajiya Fati kan matsa ɗan lemon tsami a kan doya in ta murje, launin ya ƙara fitowa, ban taɓa tambayarta dalili ba.

Na tsiyaye ruwan kanwar, na ɗauraye doyar da ruwa mai kyau, na sake ɗaurayewa a hankali don kada ta narke ta bi rariya. Na jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi na tace. Ban yi gangancin zubawa gaba ɗaya ba. Yanki guda na ɗauka na sa a faranti, na ɗiga masa. Muna tsaye ni da Goggo kai a haɗe, sai ga launi na dawowa daga gefe-gefe yana shiga ciki. Goggo ta ce, "La ilaha illallahu! Talatu, asiri kike yi?" Na ce, "Miƙo rariya."

Na murje doyar, ina zuba ruwan tsamiya cokali-cokali ina ɗanɗanawa. Wurin nan ne aikin yake, domin in ya yi kaɗan kanwa na nan a maƙogwaro, in ya yi yawa ruwan aya zai tsinke da zarar sun haɗu. Harshe ne ma'auni, babu wani. Da na ji kanwar ta tafi, tsamin kuma bai fito fili ba, na tsaya. Doyar ta sha ruwa, don haka na mayar da ita wuta ina tuƙawa har ta tsane, na ƙara kwakwa fiye da yadda na saba, na daka ayar a turmi tunda ba wuta, na tace na haɗa. Launin bai koma na da sak ba, ya ɗan karkata wajen ja, amma kyakkyawa ne, ba wanda zai kalle shi ya kau da kai.

Sauran aikin na dantse ne. Muka yi shimfiɗa a inuwar darbejiya, na daddaka ƙanƙara a buhu da taɓarya, na zuba a baho, na bi ta da gishirin shanu, na dasa tukunya na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A juya, a juya, a buɗe a kankare gefe da muciya, a rufe a ci gaba. In tukunya ɗaya ta yi, a kwashe a kula a zuba wata. Ban roƙi Goggo ba, ita ta ja kujera ta ce in matsa. Tsohuwar nan ta yi ta juya tukunya da hannun da ke mata ƙaiƙayi har aka kira azahar. Ni kuwa ban sake tayar da maganar kanwa ba.

Na isa gidan su Safiya da kuloli ana gama karatu. 'Yan mata sun cika tsakar gida da fararen hijabai, aka fara rabo a ƙananan kofuna. Kowa ya sa cokali, ban da mai walima. Ta riƙe nata ta ratso mutane ta zo inda nake, ta rage murya ta ce, "Inna, da gaske babu?"

Na ce, "Ko ɗigo babu. Kuma leƙa na ƙawayenki ki gani, tukunya ɗaya ce."

Ta leƙa kofin ta kusa da ita, ta leƙa nata. Sannan ta koma tsakiyarsu ta zauna, ba a gefe ba, ta sha har ta kankare ƙasan kofin. Da suka yi dariya duk harsunansu launi ɗaya ne. Na ji daɗi har cikin raina, amma ban saki jiki ba, domin a sana'ar nan ba ranar sha ake yanke hukunci ba, sai washegari.

Da hantsi sai ga sallama. Dije ce, ga Nenne a bayanta da sandarta, matar da ba ta taɓa taka gidana ba. Na shimfiɗa musu tabarma, aka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya taro, ya zafi, ya Goggo mai ciwon ido, ya yara. Ni dai amsawa nake yi, hankalina na kan fuskar Dije. Sai da aka gama tsaf ta ce, "'Yarki ta kwana lafiya lau. Da ta tashi tambayar farko da ta yi, ko akwai ragowa."

Nenne ta gyara zama ta nuna ni da sanda. Ta ce, "Ke, ni ba wannan ya kawo ni ba. Na sha abin nan jiya kofi biyu. Tun ina yarinya nake tatsa, ban taɓa jin mai gardi irin wannan ba. Gaya mini gaskiya, nonon wace saniya ce? Tunda jikata ta sha ta kwana lafiya, sai ɗana ya saye ta."

Dije ta sa mayafi ta toshe baki. Na shiga ɗaki na ɗebo aya a tafin hannu da ɓarin kwakwa, na ajiye a gabanta. Na ce, "Ga saniyar, Nenne. A gonakin Indabo ake haƙo ta." Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jujjuya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya wajen Dije ta ce, "Ashe da gaske yarinyar nan take yi." Daga ranar ba ta sake tura wa Safiya ƙwaryar nono ba.

Ɗan tsamin nan na tsamiya kuwa mutane suka kama shi. Har yau in an zo saye sai a ce a ba da irin na walimar Safiya, kuma shi ya fi tafiya, sai dai yanzu ba na bi ta kanwa kafin in isa can. Goggo tana Kausani, idonta ya warke, duk wanda ya je gaishe ta sai ta gaya masa ita ta ƙirƙiro shi. Ban taɓa ƙaryata ta ba.

To kun ji. Wutar da kuke gani yanzu ba ta yi mana alkawarin kaiwa la'asar ba, don haka baho da gishiri za ku fara koya kafin firiza. Amma ba yau ba. Yau ga faifai, ga aya. Ku wanke hannu ku tsince, kuma duk wadda ta bar mini baƙa guda ɗaya, ita za ta tauna.